Me ya sa jami'o'in Amurka suka kai kuka ga gwamnati lokacin korona?

Tambaya: Malam, na ji an ce lokacin annobar korona jami'o'in Amurka sun yi ta zarya a majalisar dokokin ƙasarsu suna neman tallafin kuɗi. Ba su ne ake cewa dukiyarsu ta fi ƙarfin lissafi ba? Mene ne na roƙo kuma?

Amsa: Ɗan'uwa, masu dukiyar da kake ji ba su da yawa. Harvard tana da asusun waƙafi da ya kai wajen dala biliyan 40 a lokacin, amma manyan makarantu a Amurka sun kusa 4,000, kuma mafi yawansu da kuɗin makaranta, kuɗin ɗakin kwana da na abinci, da ɗan kason da gwamnatin jiha ke ba su suke tafiya. Da cutar ta barke a watan Maris na 2020, hanyoyin nan suka raunana lokaci guda. An sallami ɗalibai, dole aka mayar musu da kuɗin ɗaki da na abinci, ga kashe kuɗi wajen mayar da karatu kan intanet, ga albashin ma'aikata ba ya jira.

Shi ya sa ƙungiyar ACE, wadda ke magana da yawun manyan makarantun ƙasar, ta nemi kusan dala biliyan 50. Dokar tallafin gaggawa na korona mai suna CARES da Shugaba Trump ya sa wa hannu ranar 27 ga Maris ta ware musu wajen biliyan 14 kacal. Ba su yi shiru ba. Suka ci gaba da rubuta wa 'yan majalisa wasiƙu, har suka ɗaga buƙatar zuwa biliyan 120. A Disamban 2020 aka ƙara kusan biliyan 23, a Maris na 2021 kuma, zamanin Biden, aka ƙara kusan biliyan 40.

Abin da ya sa nake goyon bayan wannan naci shi ne yadda aka raba kuɗin. Kashi 75 cikin ɗari na babban kason CARES an lissafa shi ne bisa yawan ɗalibai 'ya'yan talakawa masu karɓar tallafin karatu na gwamnatin tarayya mai suna Pell a kowace makaranta, kuma doka ta ce aƙalla rabin abin da makaranta ta samu ya shiga hannun ɗalibai kai tsaye, su biya haya, su ci abinci, su sayi kwamfutar da za su bi darasi da ita daga gida. Ka ga ƙananan kwalejoji masu karatun shekara biyu, inda masu ƙaramin ƙarfi suka fi yawa, su ma sun samu nasu kason. Ita kuwa Harvard, da aka yi mata ca a kan kusan dala miliyan 9 da lissafi ya ba ta, cewa ta yi ba za ta karɓa ba. Princeton, Yale da Stanford ma suka bar nasu, kuma daidai suka yi.

Inda abin ya yi min ciwo shi ne batun ɗalibai baƙi, cikinsu har da dubban 'yan Najeriya. Ma'aikatar ilimi a ƙarƙashin Betsy DeVos ta ce ba su cikin waɗanda za a ba tallafin. Ka duba halin yaron da bizarsa ba ta yarda ya yi aiki ba sai a cikin harabar makaranta, awa 20 a mako. Yana wanke kwanuka a ɗakin cin abinci ko yana jera littattafai a laburare, da ɗan abin da yake samu yake rufa wa kansa asiri. An rufe harabar, aiki ya tafi, an ba shi 'yan kwanaki ya kwashe kayansa, Najeriya kuma ta rufe filayen jiragenta ga jiragen waje. Ina zai nufa?

A watan Yuli aka ƙara da wata: hukumar shige da fice ta ce ɗalibin da duk darussansa suka koma intanet ya bar ƙasar. Harvard da MIT suka garzaya kotu, jami'o'i da yawa suka mara musu baya, cikin kusan mako guda gwamnati ta janye umarnin. Tallafin kuɗin kuwa sai a watan Mayun 2021 aka buɗe wa ɗalibai baƙi ƙofarsa, bayan sun shafe fiye da shekara guda suna jira.