Me ke hana iskar rana watsewa barkatai?

Tambaya: Na karanta cewa rana tana fitar da wata iska ta ƙwayoyin furoton da ilektiron, kuma da kyar ƙwayoyin suke karo da juna. To, idan ba sa karo, me yake daidaita tafiyarsu yayin da iskar take bazuwa? Daga wani ɗalibin kimiyya a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, tambayarka ta taɓo abin da masana suka shafe shekaru suna bincike a kai. Masanin kimiyya Ba'amurke Eugene Parker ne ya yi hasashen wannan iska a 1958, kumbon Mariner 2 kuma ya tabbatar da ita a 1962. Tana gudun kilomita 300 zuwa 800 a daƙiƙa, amma a kusa da duniyarmu furoton kamar biyar kawai ake samu a wurin da bai wuce girman kan yatsa ba, saboda haka ƙwaya ɗaya tana iya tafiya kusan nisan da ke tsakanin rana da duniya kafin ta ci karo da 'yar'uwarta.

Da yake ƙwayoyin suna ɗauke da lantarki, layukan maganaɗisun da iskar ta janyo daga rana ne suke riƙe da su. Kowane furoton yana motsi iri biyu: yana kewaya layin, yana kuma bin tsawonsa. Da yake zafi ma'auni ne na ƙarfin motsin ƙwayoyi, wannan ya sa zafinsu ya kasu biyu, na kewaye da na tsawo. Lissafi ya nuna cewa idan iskar ta yi nisa, maganaɗisun ya yi rauni, to zafin kewaye ya kamata ya faɗi da sauri ƙwarai, ya bar na tsawo can sama.

Ba haka aka tarar ba. Kumbon Helios guda biyu, waɗanda Jamus da Amurka suka harba a 1974 da 1976, sun nuna cewa furoton ba sa hucewa da saurin da aka zata, kuma a iska mai sauri kusa da rana zafin kewaye ne ma ya fi yawa.

A nan ne, a ganina, al'amarin ya fi ban sha'awa. Idan zafin tsawo ya yi wa na kewaye fintinkau, layukan maganaɗisun sai su fara lanƙwasa suna fizga, kamar tiyon 'yan kwana-kwana da ruwa ya yi wa ƙarfi aka sake shi, kuma daga nan ne ma masana suka sa wa wannan tangal-tangal suna firehose, wato tiyon kashe gobara. Igiyoyin da fizgar take haifarwa su ne suke karkatar da ƙwayoyin, su mayar da wani ɓangare na motsin tsawo ya koma kewaye, wato suna yin aikin da karo ya kamata ya yi. Idan kuma zafin kewaye ne ya wuce gona da iri, akwai wasu nau'o'in tangal-tangal, ciki har da wanda ake kira na madubi, da suke rage shi. Bayanan kumbon Wind, wanda aka harba a 1994, sun nuna cewa kusan duk ma'aunan da aka ɗauka suna tsayawa ne tsakanin waɗannan iyakoki biyu.

Sauran aikin yana kan gano inda ƙarin zafin yake fitowa, kuma yana cikin dalilan da suka sa aka harba Parker Solar Probe a 2018, kumbon da ya kusanci rana da kimanin kilomita miliyan 6.1 a Disambar 2024.