Dajin da ke bisa dutsen farar ƙasa: abin da na gani a Yunnan

Malam, ka tambaya ko dajin da ya tsiro a kan dutsen farar ƙasa, wanda ake yin siminti da shi, yana riƙe kabon, wato sinadarin da bishiyoyi ke zuƙa daga iska su adana, kamar sauran dazuzzukan ƙasashe masu zafi, tunda ƙasarsa ba zurfi. Na yi awon bishiyoyi a irinsa a Shishuwanbanna, kudancin lardin Yunnan na ƙasar Sin, lokacin ina ɗalibi.

Ranar farko raina dajin na yi. Bishiyoyin kan tudu gajeru ne, karkatattu, domin ruwan sama ba ya zama, zurarewa yake ta tsagogin dutse. Na kwari kuwa ƙatti ne, can ne kabon ya fi yawa. Amma bishiyar da ta tashi cikin ƙishi galibi itacenta na da tauri da nauyi, kuma kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne. Saboda haka kauri kaɗai ba ya ba ka lissafi.

Ƙasar ce ta fi ba ni mamaki. Ka zura hannu cikin tsaga har gwiwar hannu, ka ɗebo ta baƙa wuluk. Sinadarin kalsiyam da ke cikin dutsen ne ke kama ruɓaɓɓen ganye ya hana shi saurin narkewa. A nan muka yi kuskure, muka lissafa kamar ƙasa ta rufe filin duka, alhali wuri mai yawa tsuran dutse ne. Sai da muka sake awo. Saiwoyi kuma sun kutsa cikin dutse, ba diga da za ta tono su, kintace kawai ake yi.

Abin da ke damuna shi ne, irin wannan daji in ya tafi, dawowarsa da wuya. A lardin Gwaijo na ƙasar Sin an sare shi don noman masara, ruwa ya wanke 'yar ƙasar, aka bar dutse tsirara. Daga 1999 gwamnatin Sin ta fara biyan manoma su mayar da gangare daji. Kore ya dawo, amma ƙasa sai ɗaruruwan shekaru, don dutsen in ya narke ɗan abin da yake bari kaɗan ne.

Kada ka manta da dutsen kansa: in an gasa shi don yin siminti, kusan kashi 44 cikin 100 na nauyinsa ke tashi iskar kabon. In kana son gani da idonka ba sai ka je Sin ba, akwai irin dutsen cikin daji a Mfamosing, kusa da Kalaba.