Ku Tambayi Malam: Lambobin da aka rubuta a takardar ɗana

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa. Ɗana mai shekara 17 ya je bikin abokinsa a nan Garwa ta Kamaru, aka ba shi shayi, ashe an jefa 'ya'yan zaƙami a ciki. Ya dawo yana sambatu yana kama abin da babu a iska, sai da ya kwana biyu a asibiti. A takardar sallama an rubuta T40.9 da F16.0. Inshorar wurin aikin babansa ta ƙi mayar mana da kuɗinmu, wai shaye-shaye ne. Mene ne waɗannan lambobi, kuma akwai abin yi? Daga wata uwa, Garwa.

AMSA: Hajiya, sannu da jinya, Allah ya ƙara masa lafiya. Lambobin nan daga kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya suke, bugu na 10, wanda aka amince da shi a 1990. A takardunmu na Faransanci CIM-10 ake rubutawa. Ba su ne ke yanke kuɗi ba. Kuɗin gado, ƙarin ruwa, allura da ganin likita kowanne da farashinsa. Amma ma'aikacin inshora bai ga yaron ba, lambar kawai ya gani, kuma da ita yake yanke hukunci.

T40 gida ne na gubar miyagun ƙwayoyi da masu sa gane-gane. A cikinsa T40.7 ta wiwi ce, T40.8 ta LSD, wata ƙwaya mai sa gane-gane, T40.9 kuwa ta sauran masu sa gane-gane da wanda ba a tantance ba. F16.0 tana nufin mayen irin waɗannan abubuwa na lokaci guda. Ba ta ce ɗanki ɗan ƙwaya ba ne. Lambar wanda abin ya zame masa jaraba F16.2 ce.

A ganina, a matsayin wanda rajistar marasa lafiya ce sana'arsa, T40.9 ba mazaunin zaƙami ba ne. Zaƙami tsiro ne, kuma gubar tsiron da aka ci ko aka sha tana da lambarta, T62.2. Sinadaran da ke cikinsa, atropine da scopolamine, ba irin aikin LSD suke yi ba. Su ne ke busar da baki har yawu ya ƙafe, jiki ya yi zafi rau ba gumi, ƙwayar ido ta buɗe, zuciya ta yi ta bugawa da sauri, fitsari ya ƙi fita. Idan magani ne na kanti mai ɗauke da su, T44.3 ake sawa. Abin da ke faruwa shi ne, a ɗakin gaggawa da tsakar dare, an ga yaro yana hira da bango, sai hannu ya tafi T40.9. Ba laifi a daren farko, tunda ba a san abin da ya sha ba. Amma da aka gano, ya kamata a gyara kafin sallama.

Babban giɓin ma ba nan yake ba. Lambar T tana faɗin abin da ya shiga jiki ne kawai. Yadda ya shiga, wata lamba ce daban, kuma ba ki ambace ta ba, ina zaton ba a rubuta ba. Idan gubar ta 'yan gidan T40 ce, X42 tsautsayi ne, X62 mutum ya sha don ya cutar da kansa, Y12 ba a san niyya ba. Ga gubar tsiro da aka sha bisa tsautsayi, X49. Inda aka bar wurin fayau, ma'aikacin inshora zai cike shi da zatonsa, zatonsa kuwa kin ji shi.

Kada babansa ya ruɗe da dogayen lambobin da zai gani a intanet, irin su T40.901A. Na Amurka ne, su a cikin lamba ɗaya suke cusa niyyar.

Ku koma wurin likitan da ya duba shi, ba wurin mai karɓar kuɗi ba, don likita ne kaɗai ke da ikon canza abin da ya rubuta. Ku nemi rahoton likita mai sa hannu da hatimi, wanda ya ambaci zaƙami da sunansa na asibiti, Datura, ya kuma ce yaron bai san an saka ba. Ku haɗa da rasiɗai na asali, ku riƙe kwafi, sannan babansa ya duba yarjejeniyar inshorar ya ga wa'adin da aka ba da na ɗaukaka ƙorafi kafin ya wuce.