Lut ɗin da kake buƙata kyauta ne, riƙe kuɗinka

Wani matashi mai ɗaukar bidiyon biki a Katsina, shagonsa na wajen Ƙofar Ƙaura, ya aiko da wannan tambaya: "Malam, na koma ɗauka da S-Log3 a kyamarata Sony A7 III don an ce ya fi kyau. Na sayi lut a intanet na ɗora, sai fuskar amarya ta yi jawur, farar shaddar ango kuma ta ƙone. Uwar amarya ta ce ba za ta biya cikon kuɗina ba. Ina da ɗan abin da na tara. In sayi wasu lut masu tsada ne, ko in sauya kyamara?"

Ƙanena, kada ka taɓa ajiyar nan tukuna. In dai asalin abin da ka ɗauka yana nan, aikin bai lalace ba, kuma gyaransa ba sai ka sayi komai ba.

S-Log3, wato salon ɗaukar bidiyo na Sony da ake kira log a taƙaice, yana matse haske da duhu ne don kada wani ya ɓace, shi ya sa hoton ke fitowa a koɗe. Waya da talabijin ɗin da dangin amarya za su kalla kuwa, akasarinsu a kan ma'aunin launi na Rec.709 suke, wanda aka kafa tun 1990. Dole sai an juya hoton daga wancan ma'auni zuwa wannan. A nan ne masu talla ke cin kuɗin yaranmu, abin kuma yana ci mini rai. Lut, wato fayil ɗin da ake ɗora wa bidiyo don ya sauya masa launi, iri biyu ne: akwai na juyawa, akwai na ado. Yawancin waɗanda ake sayarwa na ado ne, an yi su don hoton da aka riga aka juya, ko don wata kyamara daban. Kowane kwado da makullinsa. Na V-Log ɗin Panasonic ba zai yi wa Sony daidai ba, haka na Canon Log 3. Ko a cikin kyamararka ma, saitin hoto na PP8 yana tafiya da ma'aunin launi na S-Gamut3.Cine, PP9 kuma da S-Gamut3, don haka duba wanda ka yi aiki da shi.

Sony na bayar da lut ɗin juyawa kyauta a shafinsa. DaVinci Resolve, shirin tace bidiyo a kwamfuta, na kyauta ma yana da Color Space Transform, inda za ka zaɓi ma'aunin da ka ɗauka da shi da wanda kake so ya fito. Fara daidaita haske da farin hoton, sannan ka juya, ado ya zo a ƙarshe kuma kaɗan. Ka sa ido a kan fatar fuska da jan lalle, don su mata ke fara dubawa.

Batun kyamara yana da ƙamshin gaskiya. A7 III bit 8 take ɗauka, wato mataki 256 a kowane launi, alhali masu bit 10 irin su A7 IV da FX30 suna da 1,024. Shi ya sa log ke saurin farfashewa a taka in an matsa masa, musamman a ɗakin taro mai ƙarancin haske. Shawarata, daren kamu da dina ka ɗauka da launin kyamara na yau da kullum. Ka bar log sai irin ranar hawan sallah a Ƙofar Soro, inda rana ke dukan fararen rawuna. In za ka kashe kuɗi yanzu, fitila mai kyau da batir za su fi sabuwar kyamara dawo maka da jarinka.

Sannan ka yi lissafi. Gyaran launi yana cin sa'o'i, yana cin man janareto. Ka yi farashi biyu, na aikin yau da kullum da na mai gyaran launi, wanda ya zaɓi na biyu ya biya. Ranar da masu zaɓarsa suka yi yawa, ribar ce za ta saya maka kyamarar.

Ita kuwa Hajiya uwar amarya, kada ka yi jayayya da ita, tana da gaskiya. Gyara minti ɗaya inda amarya ta fito sosai, ka tura wa kanka ta WhatsApp ka duba a waya, tunda yana rage ingancin bidiyo. In ya yi, ka je gida ka gaishe ta ka nuna mata, ka faɗi ranar da za ka kawo sauran, sannan a yi maganar ciko.