Shin Tsirrai Suna Magana da Junansu?

Tambaya: Malam, kakata a unguwar Tudun Wada, Zariya, takan ce itatuwa suna jin juna, har tana hana mu saran reshe ba dalili. Akwai gaskiya a zancenta, kuma me addini ya ce?

Amsa: Malama, Allah ya ƙara wa kakarki lafiya, domin ba ta yi nisa da gaskiya ba. Tsirrai ba su da baki ko kunne, amma suna aika saƙo ta sinadarai. Idan tsutsa ta fara cin ganyen masara, masarar takan saki wani ƙamshi da ke janyo ƙananan zanzaro masu kashe tsutsar, kuma maƙwabtanta da ƙamshin ya isa gare su sukan fara shirin kare kansu.

Misalin da manoman Samaru suka fi sani shi ne wuta-wuta, wadda ƙwayarta kan kwanta a ƙasa shekaru, ba ta tsira sai ta ji sinadarin da saiwar dawa ko masara ke fitarwa, sannan ta manne mata tana zuƙe abincinta. Ni dai ina ganinta kamar ɓarawon da ke laɓe yana sauraron masu gida.

Ta fuskar addini, aya ta 44 a Suratul Isra'i ta nuna cewa kowane abu yana tasbihi ga Allah, sai dai ba mu fahimtar tasbihinsu. Zama ƙarƙashin tsamiya ana tunani kan halitta abu ne mai kyau, amma kai mata hadaya ko roƙonta biyan buƙata malamai sun haramta shi.