Ƙaro shanu ko sayen harawa? Amsa ga wani ɗan kasuwa a Daura

Wani ɗan kasuwar hatsi daga Daura ya rubuto mini cewa yana da shanun tatsa shida a hannun wani makiyayi a bayan gari, amma da zarar rani ya yi nisa, nonon da ake samu ba ya ko biyan ladan kiwo. Ya tara wasu kuɗi, yana tunanin zuwa kasuwar Mai'aduwa ya ƙaro shanu huɗu domin nonon ya ƙaru, shi ne yake neman shawara.

Alhaji, ina roƙonka ka dakata da sayen nan tukuna. Ka fara zuwa garken da kanka da sassafe, kafin a kora su kiwo, ka tsaya a bayan kowace saniya, ka ɗora tafin hannunka a kan haƙarƙarinta, ka shafa ƙashin bayanta har zuwa gindin wutsiya. Idan kana iya ƙirga haƙarƙarin da ido, ƙasusuwan ƙugu sun fito, gindin wutsiya ya yi rami, to yunwa ce take cinye maka nonon, kuma ƙaro baki huɗu a kan makiyayar da ta kasa ƙosar da shida asara kawai zai ƙara maka.

Wannan shafawar da na ce ka yi ita ce abin da masu binciken kiwo suka mayar ma'auni, daga 1, wato ramammiyar saniya, zuwa 5, wato wadda ƙibarta ta wuce kima. Binciken da aka yi a ƙasashe irin su Nyuzilan, inda shanun madara suke dogara da ciyawar fili, ya nuna cewa saniyar da ta haihu jikinta yana wajen 3 ita ce ta fi ba da madara mai ɗorewa. Dalilin shi ne, bayan haihuwa nono yana hauhawa har ya kai ƙarshen yawansa cikin wata ɗaya zuwa biyu, alhali cin abincinta bai kai ga haka ba tukuna, don haka kitsen jikinta take narkarwa ta cike giɓin. Wadda ta haihu a rame ba ta da abin narkarwa, nononta zai ƙafe da wuri, sannan za ta daɗe ba ta nemi bijimi ba. A ganina nan ne babbar asarar take, domin saniyar da ya kamata ta riƙa ba ka maraƙi kusan duk shekara sai ta koma shekara biyu. Gaskiya ne shanun waɗancan ƙasashe ba irin Bunaji da Rahajinmu ba ne, kuma saniyarmu a kiwon gargajiya da wuya a tatsi fiye da lita ɗaya zuwa biyu a rana, amma yadda jiki yake aiki ɗaya ne. Idan kana son shawarar irin da ya dace da kai, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ta daɗe tana aiki a kan Bunaji da barbararsu da shanun Turai.

Busasshiyar ciyawar rani tana cika ciki, amma sinadarin gina jiki da ke cikinta yakan faɗi ƙasa da kashi 7 cikin 100 da tumbin saniya yake buƙata kafin ya sarrafa abinci yadda ya kamata. Ga doguwar tafiya zuwa mashaya, alhali kusan kashi 87 cikin 100 na madara ruwa ne.

To, kuɗin shanu huɗun nan ka juya su zuwa abinci, kuma a nan sana'arka za ta taimake ka fiye da kowa. Ka sayi harawar gyaɗa da ta wake da kaka, lokacin da dami yake da araha, ka adana a inuwa a kan rumfa, domin ka fi ni sanin yadda farashinta yake tashi kafin bazara. Ka haɗa da dusa, da angurya, da 'ya'yan gawo da Allah Ya wadata yankinku da su, da gishirin lasa. Kada ka raba wa garken duka daidai wa daida. Ka fifita masu cikin da ya rage wata biyu su haihu, da waɗanda ba su wuce wata uku da haihuwa ba. Ka kuma kira malamin dabbobi ya ba su maganin tsutsar ciki, don kada harawarka ta tafi a banza.

Akwai wata magana da sai an yi ta ido da ido. A al'adar kiwo nono yakan zama rabon matar makiyayi, saboda haka kafin ka zuba ko kwabo, ku zauna da shi a gaban shaida ku yanke nawa ne naka, nawa ne nasu, nawa za a bar wa maraƙi. Sannan a riƙa auna tatsar kowace saniya da ƙwarya ɗaya tak, ka riƙa rubutawa duk mako tare da abin da ka kashe, ka kuma shafa jikinsu sau ɗaya a wata. Idan damina ta sauka a watan Yuni, ka ɗauko littafin ka aiko mini da lissafin, sai mu duba tare ko lokacin zuwa Mai'aduwa ya yi.