Laimar Kwaɗi, Naman Kaza da Abin da ke Fitowa a Kututture

Wani mai karatu daga Gwammaja ya ce ya bi ta dajin Falgore da damina, ya ga wasu abubuwa sun fito a jikin ruɓaɓɓen kututture. Abokin tafiyarsa ya ce kauci ne, shi kuma ya san su da laimar kwaɗi. Yana tambaya wane ne da gaskiya, kuma ana ci?

Malam, kai ne ka fi kusa. Kauci tsiro ne mai ganye da fure, yana maƙale wa reshen ɗanyen itace kamar ɗorawa ko kaɗanya yana shan ruwansa. Abin da ka gani ba shi da ganye, ba ya fure. Ainihin jikinsa wasu siraran zare ne da ke cikin itacen suna cin ruɓa, danshi ya sa ya ɓullo waje.

Laimar kwaɗi suna ne na siffa: mariƙi a ƙasa, rumfa a sama, ga shi inda kwaɗi ke so. Naman kaza kuwa wani sunansa ne, an fi faɗinsa idan ana maganar ci. To a nan nake jin tsoro, don mutane na ɗauka sunan ne ke raba mai guba da marar guba. Bahaushe bai yi wannan rabon ba, shi ne ma ya ce kama da wane ba ta wane.

In kana son ganewa, juya shi ka dubi cikinsa. Wani tsaga-tsaga ne a jere, wani ƙananan huji kamar an tsattsaga da allura. Mai tauri, ja-ja mai sheƙi, wanda ke manne a kututture kamar rabin faifai, masana na kiransa Ganoderma, ba ya ma taunuwa. Mai laushin kuma a kifa shi a kan farar takarda ya kwana, da safe a ga launin garin da ya zubar.

Duk da haka ban yarda a ci don an yi wannan ba. Akwai ƙarami ruwan ƙasa mai suna Galerina, a itace yake fitowa, gubarsa hanta take lalatawa, dafuwa ba ta kashe ta. Sai bayan awa 6 zuwa 24 amai da gudawa ke farawa. Wanda ya ci na daji, musamman yaro, a kai shi asibiti nan take, a tafi da ragowar abin don likita ya gani.